Allon da Ya Fi Takwarata Tsawo

Na fara da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya zuba ruwa a gefenta. 'Ya'yana da jikokina, ku matso. Akwai hoton nan nawa da ya zaga wayoyinku, inda aka gan ni a bakin teku, ƙafafuna cikin ruwa, ina riƙe da gindin wani dogon abu ruwan ɗorawa. Na ji abin da aka faɗa a kansa. Wasu sun ce tsufa ya taɓa Inna ta koma wasan yara. Wasu sun ce daɗin ƙasar Larabawa ne ya riƙe ni har aminiyata Ladi ta rasu ba na kusa. Ban tanka ba a lokacin. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, zan faɗi yadda aka yi. Ni ban yi boko ba, jikata Ummi ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko inda ta shafe ta.

Kun san aikina a garinmu na bakin kogin Haɗeja. Tun ina da goyo ake aiko mini idan mace ta cika. Ni ke yi mata wanka, ni ke suturta ta, ni ke ɗaukar karan dawa in auna ta daga ka zuwa tafin ƙafa, in karya, in miƙa wa maza masu haƙa ta bayan ƙofa. Aikin lada ne, ban taɓa jin kunyarsa ba. Amma yana bar wa mutum wani ido. Duk wanda ya yi ƙuruciya a gidana ya sha tsawa a kan abu guda: ba a auna mai rai a kwance. Ko da wasa yaro ya ɗauki kara ya jera da ɗan'uwansa mai barci, ranar sai ya raina kansa.

Abin da ya kai ni Doha ba daɗi ba ne. Matar ɗana na fari ce ta rasu can, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin takarduna su fito an riga an binne ta, hannun wasu ne ya wanke ta. Shi kuwa, Baban Ummi, yana kula da direbobin wani kamfani a unguwar dogayen benaye da suke kira West Bay, ya fita da sassafe sai yamma lis. Gida yana Wukair, can bayan gari, gidaje iri ɗaya a jere kamar an zuba su da ludayi ɗaya. A cikin gidan nan na tarar da Ummi, 'yar budurwa, wadda aka sa wa sunana, shi ya sa nake ce mata Takwara. Na bar ta da surutu kamar kanari, na same ta kamar rijiyar da aka rufe. Ta je makaranta, ta dawo, ta shige ɗaki. In dama fura in kai mata, in dawo in tarar ta tsinke a kofi. Na yi tatsuniya, na yi tsokana, na yi faɗa, duk kamar ina jifan rairayi.

Ana nan, ana nan, da sanyi ya fara shigowa, wata malamarsu mai koyar da iyo, Balarabiya 'yar Maroko, ta kwashi 'yan matan ajinsu zuwa wani bakin teku can arewa. Tekun Doha kwance yake kamar ruwan randa. Amma idan iskar arewa ta taso, wadda suke kira shamal, a can yakan yi tozo, igiyoyin ruwa su riƙa birgimowa gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Takwara ta dawo da rairayi a kunne, ta tsaya a ƙofar kicin, ta yi abin da ba ta yi ba tun zuwana. Ita ta fara magana.

"Kaka, kin san mutum yana iya tsayuwa a kan ruwa?"

Na ce, "Waliyyi ko?"

"A'a, a kan allo. Ki kwanta a kai ki yi ta tuƙi da hannu, in igiyar ruwa ta ɗauke ki sai ki miƙe. Malama ta ce in da ina da nawa, da na koya kafin zafi ya dawo."

"Allon da na sani na karatu ne, shi kuwa ruwa wanke shi yake yi."

Sai na ga gefen bakinta ya motsa. Ba dariya ba ce, amma 'yar'uwarta ce. Da uban ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya yi maganar sutura, aka nuna masa rigar da 'yan matan ke sawa, daga ka har idon sawu, ba abin da ke waje sai fuska. Ya yi maganar nutsewa, aka ce wurin masu koyo ruwan iyakar ƙugu ne, ga malama a tsaye. Na ce da shi, in allo ne zai buɗe bakin yarinyar nan, a sayo allo. Ku lura da kyau, ni na fara cewa a sayo.

Ranar hutunsa muka tafi Mansura, tsohuwar unguwa mai cunkoso, wani kanti mai sayar da kayan ruwa sababbi da na hannu. Mai tsaron kantin wani dattijo ne, Awudu, Bahaushen zangon Kumasi. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinsa.

Ya jawo mini kujera ya ce, "Hajiya, ka zauna."

Na ce, "Malam, na haifi tara, yau kuma ka mai da ni namiji?"

Ya yi dariya ya ce haka suka gada. Ya dubi Takwara sama da ƙasa, ya tambayi nauyinta, ya tambaya ko ta taɓa miƙewa. Sannan ya yi bayani a tsanake. Ya ce mai koyo ba ya fara da ƙarami. Ana ba shi dogo wanda ya wuce kansa har ya wuce inda hannunsa ke kaiwa in ya ɗaga, mai faɗi, mai kauri, mai taushi kamar katifa don kada ya fasa masa baki. Ya ce haka ita ma malamar za ta ce. Duk na ji, na gyaɗa kai. Sai ya kira abokin aikinsa suka shiga ciki.

Da suka fito, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna ɗauke da wani dogon abu a cikin jaka mai ruwan toka, sai na ƙura musu ido. Suka sauke a ƙasa a hankali, suka zuge jakar, abin ya fito fari fat. Awudu ya ce wa yarinyar ta kwanta a kai ya ga inda ƙafarta za ta tsaya. Ta kwanta. Ya durƙusa yana auna rarar da ta rage a kai da ta ƙafa da tafin hannunsa. Ya jawo wata igiya ya ce wannan a ƙafa ake ɗaurawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Tashi, Takwara."

Uban ya ce, "Inna, lafiya?"

"Na ce ta tashi. Ba za a auna mini jika a kwance ina kallo ba. Wannan abin kuma ba zai shiga gidan da nake kwana ba."

Ban faɗi sunan abin da na gani ba, don ba a kiran makara a kan mai rai. Amma uban ya gane, ya sunkuyar da kai. Na waiga na hango wani allo jingine da bango, gajere, siriri, mai tsinin baki, shuɗi da zanen ja, ko kafaɗarta bai gama wucewa ba. Na nuna shi na ce ga wanda za a saya. A raina na ce ƙarami ai ya fi sauƙin sarrafawa, kamar yadda ake ba yarinya ƙaramar taɓarya. Awudu ya riƙe haɓa.

"Hajiya, wannan na gwanaye ne. Zai jefar da shi. Kamar ka ba mai koyon keke babur ne."

Na ce, "Ko wannan, ko mu koma gida."

Ɗana bai taɓa musu da ni a gaban mutane ba, bai kuma fara ranar ba. Awudu ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, wato magana ta ƙare, amma ƙofarsa a buɗe take in an sake shawara. Takwara ta rungumi shuɗin allon, muka fito.

Da iska ta sake tasowa muka tafi arewa da sassafe. Na shimfiɗa darduma a kan rairayi na zauna da carbina. Malamar ta ga allon, ta dubi uban, ta yi wata magana da Turanci, ya nuna ni da ido, ta juya ta nufi ruwa. Abin da na gani ranar ba na son tunawa. Yarinyar ta hau, allon ya nutse a ƙarƙashinta. Ta gyara, ya kife. Ta yi tuƙi har hannuwanta suka mutu, igiyar ruwa ta zo ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Sau ɗaya da ta ɗauke ta, tsinin ya soki ruwa, ta wuntsila, ta taso tana tari. A gefenta ga 'yan mata sa'o'inta, 'ya'yan Indiyawa da na Larabawa, a kan dogayen alluna irin wanda na ƙi, suna miƙewa a karkace suna faɗuwa suna shewa. Muka koma wani makon, haka. Muka sake komawa, haka. Daga nan da aka ce iska ta taso, sai ta ce kanta ke ciwo. Allon ya koma bayan ƙofa, ita ta koma ɗaki, fura ta koma tsinkewa a kofi.

Wata rana da hantsi, ba makaranta, na tura ƙofarta na zauna a bakin gado. Na ce ta tashi in yi mata kitso. Ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina, ta ba ni baya. Wanda ya ba ka baya ya fi iya faɗa maka gaskiya. Ina cikin tsaga sai ta ce:

"Kaka, na san abin da kika gani a kantin nan."

Na ci gaba da tsaga.

"Ni na riga ki gani. Ke ba kya nan ranar da aka fita da Mama. Ni ina tsaye a taga."

Hannuna ya tsaya a kanta. Na ce, "To, da kika gani, me ya sa kika kwanta a kai?"

"Ban sani ba. A cikin ruwan nan ne kawai kaina ke yin shiru. Kuma ai ba a barin mutum a kwance, Kaka. Malama tana tsaye tana ta ihu, yalla, yalla, wato maza, tashi."

Na ƙarasa kitson. Na shiga kicin. Da zan taho daga gida na sako ƙwaryata da ludayina a cikin kaya, don fura a roba ba fura ba ce. Na tara ruwa a babban baho zan wanke su. Na jefa ludayin, na ɗora yatsa a kansa, ya cika ya nutse. Na kifa ƙwaryar, na danna da tafin hannu, ta turo ni sama. Na sake dannawa, ta sake turowa. Sai ga mahaifina a idona, Allah Ya jiƙansa, kamar jiya.

Ba dukanku kuka san shi ba. Masunci ne, kuma da damina idan kogi ya kawo, shi ke fiton mutane da gora. Gora irin na masunta, ƙaton duma da mutum ke kifa cikinsa a kai ya yi ta iyo da hannu da ƙafa. A rataye suke a rumfarsa, manya da ƙanana. Ranar da yayana zai fara shiga ruwa ya zaɓi ɗan ƙarami, wai daidai shi. Baba ya karɓe, ya sauko masa da mafi girma, wanda hannuwansa ba sa ko zagayewa. Yaron ya yi kuka, wai za a yi masa dariya. Baba ya ce, "Baƙon ruwa babban gora ake ba shi. Ƙaramin gora sai wanda ruwa ya san sunansa." Da kunnena na ji, ina tsugune ina gyaran kifi. Na san wannan magana kafin in san karan awo. Amma shekarun da na yi ina rufe idanun mata sun taru sun zauna a kanta, har wani mutumin Kumasi ya faɗa mini ita da irin Hausarsa ban gane ta ba.

Da uban ya dawo na ce gobe a kai ni Mansura. Ya buɗe baki zai yi tambaya, na ce tuƙi aka ce ya iya, ba tambaya ba.

Awudu na ganinmu ya washe baki.

"Hajiya, ka dawo."

"Na dawo. Fito da dogon. Amma da sharaɗi. Kai kaɗai za ka ɗauko shi, a tsaye, ba jaka. Kuma ni zan auna."

Ya fito da shi a hammata, ya kafa gindinsa a ƙasa. Na ce Takwara ta tsaya a jikinsa, ta miƙe sosai, ta ɗaga hannu sama iyakar ƙarfinta. Na matso. Hannun nan nawa da bai taɓa auna kowa ba sai wadda ta gama da duniya, na ɗora shi a ƙugunta, ina jin numfashinta yana hawa yana sauka. Na ɗaga kai. Allon ya wuce yatsunta da kamar ɗani guda. Na tambayi Awudu ko ya isa, ya ce daidai ke nan, nauyinta ma ya ɗauka da rara. Na kama gefen na matsa, na ji kaurinsa ya cika hannu. Na ce to, saura abu ɗaya.

"Ba fari ba."

"Hajiya, launi ba ya hana nutsewa."

"Na sani. Tsawo naku ne kai da malama, launi nawa ne."

Ya shiga ya daɗe yana motsa kaya, ya fito da wani na hannu ruwan ɗorawa, da ɗan tabo a gefe. Takwara ta ce ya yi kama da ƙatuwar ayaba. Na ce ayaba ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Ya karɓi shuɗin ya mayar jikin bango, ya ce zai jira ta, wata shekara ita za ta zo nemansa da kanta.

Yanzu ga maganar Ladi. A lokacin nan komawata gida ta matso, har an fara ɗaure kaya. Sai iska ta ɗauke. Teku ya kwanta, mako ya bi mako, allo yana jingine a falo. Takwara ta ce, "Kaka, kada ki tafi sai kin gani." Na ce ba zan tafi ba. Uban ya je ya ƙara mini kwanaki a takarda. Ni da Ladi kuwa muna da alkawari tun muna amare, duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta. Na san tana fama da ƙafa, ban san abin ya kai ciki ba. A cikin kwanakin jiran iskar nan aka bugo waya. Na zauna a kan darduma na yi kukan da ban yi wa mijina ba. Wadda na koya wa aikin ce ta wanke ta, an ce ta yi da kyau. Ba zan ce muku bai dame ni ba, har gobe yana damuna. Amma alkawari biyu ne suka haɗu a hannuna, ɗaya na mai tafiya, ɗaya na mai zama, ban kuma san sun haɗu ba sai da aka zaɓa mini. Na san Ladi. Da an tambaye ta, cewa za ta yi, "Ke dai zauna, uwar iyayi, wanka ai ruwa ne."

Bayan rasuwarta da 'yan kwanaki, da asuba na ji taga tana kaɗawa. Kafin in shafa addu'a Takwara ta fito da rigarta a hannu. Da muka isa, iska tana neman ƙwace allon daga hannunta, don dogo ne, ita kaɗai ba ta iya riƙe shi. Uban yana can yana gyara tsayuwar mota. Na ajiye carbi a aljihu na kama gindin, ita ta kama kan, muka nufi ruwa. Mutum biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na lura da hakan, ban kuma saki ba. Ruwa ya fara taɓa ƙafafuna ke nan uban ya iso ya ɗauki hoton da kuka gani.

A bakin ruwa ta miƙo mini igiyar. Na durƙusa na ɗaura mata a idon sawu. Na tambayi amfaninta, ta ce don in ta faɗi kada allon ya tafi ya bar ta. Na ƙara ja na tabbatar ta kama.

Ta shiga. Ta kwanta rub da ciki, allon bai ko nutsa ba, ya ɗauke ta kamar yadda goran Baba ke ɗaukar baƙo. Igiyar ruwa ta farko ta zo, Takwara ta durƙusa ta faɗi. Ta biyu ma haka, amma ta taso tana dariya, dariya sosai, har da buɗe baki ruwa ya shiga. Ban koma kan darduma ba, ina nan tsaye ruwa yana dukan ƙwaurina. Sai ga wata ta taso daga nesa, ba babba ba, mai farin kumfa a ka. Malama ta tura gindin allon tana ihun yalla. Ni kuma na ji wata murya tana cewa tashi, tashi, Takwara, ashe tawa ce. Ta dafa, ta jawo ƙafa, ta yi rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ta buɗe hannuwa. Ruwa ya kawo ta tsaye har gabana, allon ya daki rairayi, ta faɗo jikina muka zube tare.

Tana haki ta ce, "Kin gani, Kaka?"

Na ce, "Na gani. Koma ki sake, ban ƙoshi ba."

To, ku masu cewa tsufa ya taɓa ni, ga abin da ya riƙe ni a Doha. Mata da yawa na auna a rayuwata, Allah Ya haskaka makwancinsu, Ya haɗa da Ladi da uwar Ummi. A cikinsu duka, wannan ce kaɗai na auna ta kwanta, na kira sunanta, ta tashi.